Ranar da Na Hana a Kashe Janareta

Aikina a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke ƙasan dam ɗin Goronyo bai wuce kula da kwamfutoci huɗu da injin buga takarda ba. A kan kanta kusa da taga akwai wani baƙin akwati mai ƙananan fitilu kore, suwic muke ce masa. Duk wayoyin ofis a jikinsa suke haɗuwa, har da doguwar wayar da ta taso daga kyamarar da aka kafa a ƙofar ruwa ta babban kanal, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Da kyamarar nan ake sanin wanda ya buɗe ƙofa, da ƙarfe nawa, da ɓangaren da ya tura wa ruwa.

Akwatin yana da wani ciwo. Sai ya yi kwana biyu ko uku lafiya lau, sannan layin kyamara ya ɗauke ba sallama. Masu gonakin sama sun riga mu gane haka. Duk ranar da idon ya rufe, ruwan da ya kamata ya gangara wutsiyar kanal sai ya ɓace a hanya, kowa kuma ya rantse bai je kusa da ƙofa ba. Gonar albasar da mahaifina ya bari tana can wutsiya, wajen Kagara, da ita mahaifiyata take ci. Sau biyu layinmu na ruwa yana wucewa a banza. Na je na ga ganye ya fara kwanciya, bakinsa ya yi rawaya. In na uku ya wuce, albasar ta tafi ke nan.

Kamfanin da ya ƙera akwatin ya riga ya fitar da sabuwar manhaja, kuma abu na farko da suka ce ta gyara shi ne wannan ɗaukewar layi. Na sauke ta, na karanta bayanin har sau uku, na kai wa shugaban ƙungiya. Dattijo ne ɗan gidan malamai, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ko takardar bai karɓa ba.

"Kai ɗan maƙera," ya ce, "wanga ba galma ta ba da za ka bubbuga. A jira injiniya daga Sakkwato."

Injiniyan nan tun girbin gero yake zuwa mako mai zuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Ni ɗan maƙera ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba, kuma a gidanmu ba a zuba wa abin da ya lalace ido alhali gyaransa yana hannu.

Ranar Laraba ce, layinmu na ruwa kuma Alhamis. Da shugaba ya tafi taro Rabah, na jawo kujera gaban akwatin. Gargaɗi ɗaya bayanin ya yi da manyan baƙaƙe: kada wuta ta yanke ana cikin ɗora manhaja, in ta yanke akwatin ya mutu murus. Batirin ajiyarmu ya daɗe da lalacewa, saboda haka na je na duba man janareta da idona, na ga ya isa. Na yi bisimilla na danna, wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Komai na lissafa, ban da abin da na fi kowa sani.

Makullin janareta yana hannun Baba mai gadi, aminin mahaifina. Tun da aka buɗe ofishin, da ladan ya kira azahar Baba zai kashe inji, don kada ƙara ta dami masallacin da ke maƙwabtaka da mu, don kuma kada wani ya fake da aiki. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Layin da ke nuna ci gaban aikin ya kai rabi sai na ji kiran salla. Bayansa na ji jan takalman Baba. Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na riga shi isa ɗakin inji, na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa.

"Mi kaka yi haka?" ya ce.

"Baba, don Allah kada a kashe shi yau. Minti ashirin nika roƙo."

"Salla anka kira. Kauce."

"Ba ni kaucewa."

Ban taɓa yi masa musu ba tun ina ƙarami. Mutane suka taru, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsu. Sakataren ofis ya ce ga irin abin da boko ke jawowa, yaro ya fifita akwati a kan salla. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da ta shugaba. Na ce masa salla zan yi ta cikin lokacinta, amma inji sai dai su ɗauke ni tukuna. Na juya ga Baba na faɗa masa gaskiya: in wuta ta ɗauke yanzu, akwati ya mutu, kyamara ta mutu, gobe ruwa ba zai kai wutsiya ba.

Baba ya dube ni. "Albasar gidan marigayi ta?"

"Ita ta, Baba."

Ya juya ya ce wa jama'a su tafi kada su rasa raka'a. Ya jefa makulli a aljihu, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin inji. "Tahi ka tsare akwatinka," ya ce. "Wanga ni ka tsaro nai."

Ta taga na hango shi yana salla shi kaɗai cikin ƙarar inji da warin hayaƙi, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa jam'i ba. Na ji kunya, na ji ƙaunarsa, amma ban yi nadama ba. Fitilun akwatin suka mutu gaba ɗaya, sannan suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya. Hoton ƙofar ruwa ya fito tar. Na yi alwala na yi azahar ɗina a gefen tebur.

Washegari da safe shugaba ya kira ni. Ya ce in tafi gida mako biyu in koyi ladabi. Na ce masa to, ranka ya daɗe, amma in an sake fitar da wani gyaran zan sake ɗorawa. Ban jira amsa ba, na hau babur na nufi Kagara.

Kyamara ba ta ɗauke ba ranar, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ƙofa. Bayan la'asar ruwa ya iso wutsiya, yana turo ciyawa da kumfa a gabansa. Mahaifiyata tana tsaye a kan kunya, sai ta miƙo mini galmar da mahaifina ya ƙera. Da ita na buɗe wa albasar ruwa.