Hannun Sanata Pruitt

Shekara talatin da ɗaya Orville Tackett ya yi yana raba wasiƙu a wani ɗan gari a jihar Iowa, amma bai taɓa ƙyashin wasiƙar kowa ba sai ta maƙwabciyarsa, Mavis Lundgren.

Tun yana saurayi yake rubuta wa 'yan siyasa. Gwamna ne, sanata ne, ɗan majalisa ne, kowa sai ya zuba masa kirari, don dai a aiko masa da amsa mai sa hannu. Ana kuwa aikowa, har ya cika kwalin takalmi goma sha huɗu. Sai dai shi ya san cikin kayansa. In ya haɗa biyu ya ɗaga a hasken taga, sai ya ga sa hannun ya hau kan ɗan'uwansa cif, ko ɗigo bai kauce ba. Aikin inji ke nan, ba na mutum ba. Na Sanata Harlan Pruitt kaɗai yana da guda tara, duk haka suke.

Ita kuwa Mavis sau ɗaya tak ta rubuta wa Pruitt, shi ma masifa ta zazzaga masa kan gadar hanyar gonarta. Sai ga amsa shafi biyu da hannun tsohon, har da inda ya yi kuskure ya soke. Ta manna ta a jikin firji kusa da takardar cefane, nan Orville ya gan ta.

"Mavis, kin san abin da kika liƙa nan kuwa?"

"Surutun tsoho mana."

"Maiƙo zai ɓata ta fa!"

"To zo ka yi gadinta, ai ka yi ritaya."

Ranar ko abincin rana bai iya ci ba, baƙin ciki ya tokare shi. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yabo, sai mai zagi aka ɗauki alƙalami dominta! Mako uku yana zuwa shan kofinta mai ɗaci, idonsa na kan firji. Ya kwashe mata dusar ƙanƙarar ƙofar gida, ya gyara mata famfo, amma girman kai ya hana shi roƙo.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta miƙa masa ambulan.

"Ungo, sarkin wasiƙu. Ka bar firjina ya huta."

Nan take ya buɗe. Wata 'yar tsiririyar takarda ce a ciki, faɗinta bai fi yatsa biyu ba. Almakashi ta sa ta yanko sa hannun.

"Kin yanka ta? Mavis, kin kashe wasiƙar!"

"Ba wannan ɗin kake tarawa ba?"

"Ina sauran?"

Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta dube shi da mamaki.

"Sauran ai ba naka ba ne, Orville. Ni ya yi wa magana."