Sunan Hamani a Jerin Waɗanda Suka Iso

Shekara goma sha biyar ke nan, a daminar bana, da kogi ya ci Hamani. Soja ke mulki lokacin da ya rasu, yau ma da nake wannan rubutu soja ke mulki. Ban taɓa ba da labarinsa a jarida ba, don akwai wani ɓangare da nake kunyar faɗa a matsayina na malamar ordinata, wato kwamfuta. Bana na ga gara in faɗe shi yadda ya faru.

Mu huɗu ne a rukuninmu, a shekarar ƙarshe ta jami'a a Yamai: ni, da Rabi, da Isufu, da Hamani. Darasin na aikin haɗin gwiwa ne. Mushe, malaminmu, ya ce kowane rukuni ya nemo mutanen da ke da wata matsala ta gaske, ya rubuta musu lojisiyel, wato tsarin da ordinata za ta yi aiki da shi. Sauran ɗalibai suka nufi kantin magani da ofisoshi. Hamani ya ce mu tafi garinsu, Gaya, bakin ruwa, kan iyakar ƙasa.

Ɗan matuƙin kwalekwale ne. Ya gaya mana cewa mutanen ƙauyukan da gada ta yi wa nisa ta ruwa suke ƙetarewa kasuwa, kuma in jirgi ya kife babu mai sanin mutum nawa ne a ciki. Sai an kwana biyu wata uwa ta zo tana tambayar ko an ga ɗanta. Abin da yake so ba shi da wuya: a rubuta sunan duk wanda ya hau, in jirgi ya kai ƙetare matuƙi ya bugo waya, sakataren ƙungiyar matuƙa ya danna "ya iso". Sunan da ba a danna masa ba sai ya tsaya a wani jeri da jan rubutu.

Muka raba aiki. Rabi ta ɗauki fuskar da ake gani a allon ordinata, Isufu ya ɗauki ma'ajiyar sunaye, Hamani ne mai zuwa wurin matuƙa yana jin buƙatunsu. Ni kuwa na rubuta ɓangaren "ya iso". Mun yi faɗa sosai a wannan aiki. Hamani ba ya barin kuskure ya kwana, kuma ba ya iya gyara wa mutum cikin lallashi. Ranar da aka yi juyin mulki muna cikin aji da tsakar rana muka ji harbi, kowa ya yi ƙasa, shi kuwa sai da ya adana abin da yake rubutawa kafin ya shiga ƙarƙashin tebur.

Da damina ta kankama muka kai aikin Gaya don gwaji. Sarkin jirgi, wani dattijo da ƙungiyar ke ji da maganarsa, bai so abin ba. Ya ce, "Ɗana, ba a ƙirga mutum kafin ya hau ruwa." Hamani ya durƙusa ya ce, "Baba, ai bayan ya hau ma ƙirgawa muke, a bakin kabari." Sai dattijon ya ce a ba mu rumfa da tebur.

Rana ta uku ta kama kasuwar wani ƙauye a ƙetare. Hamani ya ce yana so ya ga yadda matuƙi ke bugo waya daga can. Ya rubuta sunansa da hannunsa, ya ce mini, "Dije, ki tabbata kin iso da ni." Da la'asar, suna tsakiyar kogi, hadari ya taso daga gabas. Muna tsaye a rumfa muka ga iska ta juya jirgin, ya ba ruwa gefe, ya kife. Masunta suka ceto mafi yawa. Kafin magariba, da jerin da ke gabanmu, Sarkin jirgi ya san mutum biyar ne babu, kuma ya san sunayensu da ƙauyukansu. Aikinmu ya yi abin da aka gina shi dominsa, kuma Hamani ne na ƙarshe a jerin.

Aka rufe rumfar. Isufu ya kashe ordinatar a gabana, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe, ya kulle, ya ba Sarkin jirgi makulli. Washegari aka samu gawa huɗu. Ta Hamani sai rana ta uku, da hantsi, masunta suka gan ta cikin ciyawa a ɗaya gaɓar, ƙasa kaɗan da mashigin da jirgin ya nufa.

Bayan addu'ar bakwai muka karɓi makulli muka kunna ordinatar. Sunaye huɗu suna nan da ja. Na Hamani ba ya cikinsu. Ya koma jerin waɗanda suka iso, kuma rana da lokacin da ke gefensa su ne na hantsin da aka gan shi. Rabi ta tashi ta fita daga rumfar. Isufu ya tambayi sakatare, shi kuwa ya rantse bai taɓa akwatin ba, Sarkin jirgi kuma ya ɗaga rigarsa ya nuna makullin ɗaure a kugunsa. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Cewa kawai ya yi a bar shi yadda yake.

Haka muka gabatar da aikin gaban malamai, mu uku. Ba mu faɗi wannan ba. Ni na rubuta ɓangaren, saboda haka ni abin ya bi. Shekaru ina buɗe shi ina bin layi-layi. Na taɓa samun wani kuskure nawa da zai iya mayar da suna "ya iso" in agogon ordinata ya rikice, har na ji sanyi a raina. Sai na lura cewa da shi ne, da duk su biyar ɗin za su koma tare. Har yau ban da amsa, kuma ba na cewa aljani ne ko wani abu. Ban sani ba.

Yanzu iyaka a rufe take, gada shiru, jama'a da kaya duk sun koma ruwa. Da na je Gaya watan jiya na tsaya ina kallon kwalekwale cike da mata da buhuna, ruwa na kusa da baki. Da Hamani na nan, ba na jin zai tsaya muhawarar siyasa da kowa. Zai tambayi wa ke rubuta sunaye, kuma zai yi fushi da ni, ni da nake koyar da wannan darasi yanzu, da na bar lojisiyel ɗin ya mutu. Ordinatar ta lalace tun tuni, ƙungiyar ba ta sayi wata ba. Abin da ya rage shi ne wasu matuƙa, ba duka ba, suna riƙe da littafi da biro, kuma ba sa tura jirgi sai sun tambayi sunanka da garinku.

Mahaifiyarsa tana raye, idonta ya yi rauni. Ban san wa ya kai mata labarin ba, amma duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, sai ta kamo hannuna ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, "'Yata, injin nan naku ya ce ya iso?" A shekarun farko nakan so in yi mata bayanin agogo da kuskure. Yanzu na daina, don abin da ta tambaya ke nan, kuma amsar gaskiya ce.

Sai in ce, "Haka ya rubuta, Inna."

Sai ta saki hannuna ta ce, "To, Alhamdu lillahi," ta kira a kawo mini ruwa.

Allah ya jiƙan Hamani da waɗanda suka tafi tare da shi.