Gidan Zanzaro a Makunnin Kumandan

Yaya Idi, da duk 'yan gida na Buza,

Wata huɗu ba ku ji ni ba. Da hagu nake rubutun nan, kuma kun san da girmana na koya.

Inna lafiya lau. Babanmu Malam na fama da ƙafa. Ɗiyata Habsu lafiya, kuma saboda ita na rubuto. Ni ce ban cika ba: yatsu biyu sun tafi.

A gidan kumandan, mai mulkin Madawa, inda nake shara, akwai injin wutar lantarki. Makunninsa ƙarfe ne a bango. Ya dinga tartsatsi, fitilu na mutuwa. Mamman mai inji ya duba waya, ya duba mai, bai ga komai ba. Kumandan ya mare shi har haƙori ya fita.

Ni na gano. Zanzaro ne ya gina a bayan ƙarfen.

Kun san yadda muke yi a gida: a jiƙa ginin ya yi laushi, a kwashe. Na tsoma tsumma a ruwa, na kai hannu.

Abin ya cafke ni. Haƙorana sunka datse harshena. Ina jin ƙaurin namana, na kasa saki. Wani gardi mai tsaron gidan ya dinga dukan hannuna da gindin bindiga don ya raba ni da ƙarfen, sai a na uku na faɗi, ƙashi ya karye.

A asibiti yatsun sunka yi baƙi, sunka fara wari. Likita ya ce, "Biyu yau, ko hannu duka jibi." Mutum huɗu sunka danne ni. Kowace safiya a ɓare tsumman da ya manne a gyambon, in suma.

Inna ta ce, "Ke da ko kunama ba ki tsoro, bango ya kada ki?"

Yanzu gyambon ya rufe, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Mamman, shi ya goya ni zuwa asibiti.

Wanda aiki ya kai kusa da abin nan: a kashe inji tukuna. Hannu busasshe, sanda busasshiya. A leƙa bayansa duk mako.

Yaya, an ce Habsu za ta karɓi tsintsiyata a gidan kumandan ran Litinin ta sama. Ba a ce wa gidan nan a'a, sai in ba ta gari. Ka ce kana bukatarta wurin girbi. Ka ba masu jakunan da sunka kawo takardar nan amsa kafin Juma'a, in ɗaura mata kayanta.

Ƙanwarka, Rabi