Takardar Ajamin Kawu

Ku matso ku ji abin da ya tayar mini da hankali jiya. Ina kakkaɓe tsohuwar rigar sanyin Kawu, sai ga takarda ta faɗo, har yanzu da ƙanshin turarensa. Turanci ne, amma da ajami ya rubuta, don ta haka yake koyonsa.

Na tuna ranar da zai je unguwar Jamaica neman aiki a wani kamfanin jigilar kaya ƙasashen waje. A kicin ya zaunar da ni, tunda na tsinci Turanci a talabijin.

Ya ce, "'Yata, zama Baturiyar kamfanin, ki tambaye ni, kada ki tausaya mini."

Ya amsa duka tsaf. Amma a can, matar ta hango takardar a hannunsa, ta ce wanda ya iya karatu suke nema. Kawu fa! Mutumin da ke jin Larabci, Faransanci da Zabarmanci! Bai sake neman aikin ofis ba.

Allah ya haskaka kabarinsa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, shi da ita, wa ya kasa karanta takardar nan?