Hita da Hannun Surukata

A shekarar da wannan abu ya faru ni manomin rani ne mai shekara talatin da 'yan kai, a wani ƙauye tsakanin Kura da Kadawa, kuma mutum ne ni mai ji da kansa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda suka san ni za su gane ni ko ban faɗa ba. Na rubuto wa wannan mujalla ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Tumatur ya yi mini kyau shekara biyu a jere, shinkafa ma ba laifi, sai na ga ai lokaci ya yi da zan nuna wa gari cewa ni ma na isa. Na yaye zanan da ke kewaye da banɗakinmu na gina na bulo, na sa tayil, na ɗora tanki a sama, sannan na shiga birni na sayo hita, irin ta jikin bango mai tara ruwan zafi a cikinta. Ta hannu ce, ba sabuwa ba. Mai shagon ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce ta fi sababbin yanzu ƙwari, ni kuma na yarda don ina son in yarda. Wanda ya ɗaura mini ita abokina ne da ke gyara mana injinan ban ruwa a gona, don a ganina wanda ya iya inji ai ya iya komai.

Ba don wankan kaina na sayi hitar nan ba, wani tsohon miki nake son warkewa. Haihuwar matata ta fari da ta biyu duk gidansu ta tafi wanka a Bunkure. A ta biyun ne maganar ta dawo kunnena cewa mahaifiyarta ta ce gidana ba wurin da mai jego za ta yi wanka ba ne, iska na shiga ta ko'ina. Gaskiya ta faɗa, amma na ƙulle maganar a ciki shekara uku. Da ciki na uku ya tsufa sai na aika cewa wannan karon ba inda za ta, a ɗakinta za ta yi arba'in, ruwan zafi kuwa sai dai a murɗa famfo. Surukata ba ta ja da ni ba. Washegarin haihuwa sai ga ta da ƙullin kayanta da kanwarta da ɗaurin ganyen darbejiya, ta zo yi wa 'yarta wanka. Ana tsakiyar sanyi a lokacin.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ke tsakanin mutum da uwar matarsa. Ba ta kallon fuskata, ba ta cin abinci in ina tsakar gida, ba ta taɓa kiran sunana ba. Da safe nakan cire takalmi in tsuguna daga nesa in ce Inna an tashi lafiya, ta amsa tana kallon bango, shi ke nan maganarmu ta yini. Duk abin da take son in ji sai ta faɗa wa 'yarta, duk abin da nake son ta ji ni ma ta nan nake bi. Matata kuwa mace ce mai gudun tashin hankali, ta kuma san halina sarai. In aka ba ta magana mai zafi takan fifita ta har ta huce kafin ta miƙo mini.

Kwana uku da zuwanta na fara tarar da makunnin hitar a kashe. In kunna kafin in fita gona, in dawo in same shi a kashe, ga rabin duro a kan murhu a bayan ɗaki, hayaƙi na lasar sabon fentina. Na tambayi matata, ta ce Inna ce ta ce ita dai ta fi sabawa da itace. Maganar ba ta kwanta mini a rai ba. Bayan suna na sake tambaya da ɗan zafi, sai ta ce wai Inna tana jin kamar wani abu na ɗan tsikarar hannunta in ta taɓa famfon. Na shiga banɗakin da silifas ɗina na roba kamar yadda na saba, na kama famfon, na tara hannu a ruwan, ban ji komai ba sai ɗumi mai daɗi. Na fito ina dariyar mugunta, na ce wa matata ta gaya wa Inna famfon ya gaishe ta. A raina kuwa na gama yanke hukunci. Tsohuwar nan baƙin ciki take yi, ba ta son a ce gidan da ta raina ya fi nata, so take ta ɓata abin ta samu hujjar tattara 'yarta su koma Bunkure a ci gaba da cewa ban isa ba.

Daga nan komai ta yi sai na fassara shi. In ta yi ƙasa da murya tana magana da 'yarta, ni ake yi da. In ta fito daga banɗaki sai na shiga na duba wayoyi ko ta taɓa wani abu. Har tanki na hau na leƙa, wai ko ta zuba kanwa a ciki don hitar ta lalace. Wata rana na dawo daga gona da azahar na tarar da baƙon mutum a banɗakina da ɗan tasta na gwada wuta a hannu. Mai gyaran wuta ne daga Bunkure, surukata ce ta aika aka kira shi ban sani ba. Dattijo ne mai natsuwa. Ya gaishe ni, ya ce akwai wuta a jikin bututun. Ya ce ƙarfen da ke dafa ruwan a cikin hitar ya tsage, wuta na zuba cikin ruwa, kuma wanda ya yi aikin bai ja wayar da ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne a ƙasa ba, wadda ita ce ke kwashe irin wannan wuta. Ya ce ko a canza ƙarfen a binne sandar, ko a sayi wata hitar, amma kafin nan kada a sake kunna ta, don tsagewar ƙaruwa take yi. Ni ban ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na ji kawai shi ne mutumin garinsu ne, ita ta kira shi, kuma ya faɗi daidai abin da take so a faɗa. Na ce biri ya yi kama da mutum. Na sallame shi ko ruwa ban ba shi ba.

Da yamma na ɗauko abokina mai gyaran inji. Daga bakin kanal ɗin ban ruwa muka taho, ƙafarsa cikin dogon takalmin roba na shiga ruwa. Ya kama famfon da hannu biyu, ya girgiza shi, ya yi dariya ya ce aikinsa ba ya ciwo, 'yan gyaran wuta dama ba sa ganin aikin wani su yaba. Na ji daɗi ƙwarai, don abin da nake son ji ke nan. Nan take na sa shi ya cire makunnin daga bakin banɗaki ya mayar da shi cikin ɗakina, ɗakin da nake kullewa in zan fita, kuma surukata ko a buɗe yake ba za ta taka shi ba. Ban tsaya nan ba. Na sa aka loda itacen da ke bayan ɗaki a amalanke aka kai gona. Na ce wa matata ta shaida wa Inna cewa gidana ne, ruwan zafi yana famfo, wanda ya ƙi shi ya yi da na sanyi.

Kwana biyu tsohuwar nan tana tsintar karan masara da buntun shinkafa tana hura wuta, ruwan ba ya ko tafasa. Ina gani ina ɗauke kai. A rana ta uku da hantsi ina ƙofar gida ina ɗaure kwandunan tumatur a kan babur, na kunna hitar na kulle ɗaki, makullin na aljihuna. Sai na ji ihun matata, irin ihun da ban taɓa jin ta yi ba ko a naƙuda. Na faɗa gidan da gudu. Tana tsaye a bakin banɗaki da jaririya a kafaɗa, a ciki kuwa ga Inna, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil, hannunta na dama ya manne da famfo, jikinta na kaɗawa, bakinta a buɗe ba sauti. Matata ta yunƙura za ta kamo ta, na fizgo ta baya na yi ɗakina. Ƙofa a kulle. Na zura hannu a aljihu, makullin ya sarƙe da na babur da na shagon taki, na sa wannan bai shiga ba, na sa wancan bai shiga ba. Ban san daƙiƙa nawa ba ne, na dai san ni na ƙara su da hannuna. Da na kashe makunnin sai na ji faɗuwarta.

Allah ya yi da sauran kwananta. Muka kai ta asibiti a motar da ta zo ɗaukar tumatur, ta yi kusan mako biyu a kwance. Tafin hannun ya ƙone, yatsu uku suka lanƙwashe, har yau ba su miƙe ba. Matar da ke saƙa faifai tana dama fura da wannan hannun, yanzu ko ɗaurin zani sai ta haɗa da haƙori.

A barandar asibitin matata ta gaya mini abin da ta rage. Tun ranar farko Inna ba cewa ta yi ta fi sabawa da itace ba. Cewa ta yi a gaya mini akwai wuta a ruwan nan, tana jan hannu, za ta kashe mutum. Matata ce ta ji tsoron fushina ta sassauta maganar. Ranar da abin ya faru kuwa, da kara ya ƙare, ga sanyi, ga mai jego ba ta yi wanka ba, Inna ta ce mata ta tsaya a bakin ƙofa kada ta shigo, ita za ta tara ruwan a baho ta fito da shi. Ta ce in abin zai ɗauki wani, gara ya ɗauki wadda ta ci zamaninta. Ban ga laifin matata ba. Ni na mayar da kaina mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya sai an tace ta.

Na je Bunkure da ƙafata na ba dattijon mai gyaran wuta haƙuri na ɗauko shi. Ya sauke hitar ya buɗe cikinta a gabana. Laka da farin dutsen ruwa sun yi rabinta, ƙarfen ya tsage tsawon yatsa, baƙi ƙirin. Ya kalli silifas ɗin da ke ƙafata ya ce shi ne ya hana ni ji, haka takalmin abokina, ita kuwa tsohuwa ba ta shiga da takalmi wurin wankan jego. Daga baya shi ya zaɓa mini sabuwa ƙarama, ya binne sandar, ya sa abin da ke yanke wuta da kansa, ya mayar da makunnin bakin ƙofa inda kowa zai kai hannu.

'Yan uwana masu karatu, musamman mu manoma da Allah ya fara buɗa wa, abin da duk ya haɗa ruwa da wuta ba a yi masa araha, ba a kuma ba wa aboki don abota. A nemi mai sana'ar. In wani a gidanka ya ce famfo ya tsikare shi, ko yaro ne ko tsohuwa, ka kashe abin kafin ka fara tunanin me yake nufi da kai. Kada kuma ka kulle makunnin da ran wani zai iya rataya a kansa. Amma babban abin da na koya ba na hita ba ne. An ce zato zunubi, ni nawa zaton ya toshe mini kunne har na ɗauki mai tsare mini iyali a matsayin abokiyar gaba, na kuma fake da kunyar da ta hana ta faɗa mini ido da ido na yi mata abin da na ga dama.

Na nemi gafararta ta bakin 'yarta, amsa ta dawo cewa ba komai, ƙaddara ce, Allah ya raya jaririya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Yau yarinyar ta shiga makarantar allo, kuma duk sallah nakan je Bunkure gaisuwa. Nakan cire takalmi in tsuguna daga nesa kamar da. Da ta ji sallamata, kafin ta amsa, sai in ga ta ja gefen mayafinta ta rufe hannun nan, don kada in gani in ji kunya.