Hannun Baba Sai-Gobe

Tun kafin a gama buɗe garejin yake isowa, ya share lungunsa, ya jera bututun gam bibbiyu a kan benci, ya goge guntun gilashin da yake kwaɓi a kai. Gam ɗinsa ba irin na manna takarda ba ne. Ifoksi ake ce masa, kuma abu biyu ne: ƙaro, da maganin da ke daskarar da shi. Kowanne shi kaɗai aikin banza ne, sai an matso su daidai an cakuɗa sannan su kama ƙarfe gam.

Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Baba Sai-Gobe kowa ya sani, domin duk abin da ka kawo masa, tsagaggen lagireto mai sanyaya inji ko fasasshiyar fitilar mota, zai kankare wurin, ya goge maiƙo, ya shafa, ya ɗaure, ya ce maka, "Sai gobe."

"Haba Baba, ba akwai mai saurin kamawa ba?" in ji direbobi.

"Akwai mana, na hannun kofi da karyayyen tabarau. Abin da zai sha zafi da jijjiga kuwa, mai kwana yake so. In sauri kake, ga hanya nan."

Su tafi suna ƙunƙuni, washegari su dawo suna washe baki. Wata mai ɗinki har yau tana ba da labarin ranar da ƙafar kekenta ta karye ana tsakiyar aiki. Ta zo tana share hawaye da bakin mayafi. Baba ya murza irin wanda ake cuɗawa kamar ƙullu, ya ɗora, ya ce, "'Yata, kar ki taka shi yau." A kan keken nan ta ciyar da 'ya'yanta har suka girma.

Kai ne mai haƙurin da ake yi wa dariya, Baba. Kai ne ba ka taɓa cewa gobe ba sai ta tabbata.

Amma akwai wata goben a garejin nan, ita ce take ƙona mini rai. Gam ɗin nan ba ya shiri da fatar mutum, shi kuwa da tsirarar hannu yake murza shi. Ya roƙi maigidan garejin ya sayo masa safar hannu tun gashinsa yana baƙi. Kullum amsar ɗaya ce, da dariya a kai: "Sai gobe, Baba! Ai kai ka koya mana." Shi ma ya yi dariyar yaƙe ya koma benci, don ba mai son faɗa ba ne.

Ƙaiƙayi ya fara, sannan ƙuraje, sannan fata ta dinga tsagewa tana ruwa. Ya kai ga in ya zo alwala sai ya cije leɓe. Likita ya ce hannun ya gama shan gam, ko ƙanshinsa kada ya sake kusanta. Baba ya ɓoye maganar, domin bencin nan shi ne abincin gidansa. Sai dai hannu ba ya ɓoyuwa.

Maigidan ya kira shi ofis. "Baba, mutane na ƙyamar hannun nan. Kuma yanzu canja kayan mota ake yi, wa yake jiran liƙi? Ka je ka huta."

Baba ya ce, "Akwai lagireton da na ɗaure ɗazu. Bari in zo gobe in kwance shi."

"Ba sai ka zo ba."

Maigidan ya miƙa masa wata leda, wai kyautar sallama. Sai da Baba ya isa gida ya buɗe a gaban matarsa. Safar hannu ce ta roba, sabuwa dal.

Washegari ya zo duk da haka. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya ya tambayi maigadi, "Ya kama?" Maigadi ya ce ya kama, ko ɗigo babu. Baba ya gyaɗa kai ya juya, hannayensa a cikin aljihu.

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Masu sana'a, ku koyi gobensa, wadda ba ta taɓa zama ƙarya ba. Ku kuma masu gida, in akwai hannun da ke yi muku aiki, ku sayo safar yau.