Wendell Orozco, Mai Karanta Haƙoran Ƙarfe

Ƙarfe shida na safe Wendell Orozco yake ɗaga ƙofar garejinsa a garin Bakersfield. Ya ɗora kofi, ya goge teburin da ya riga ya goge jiya, sannan ya jawo abin da shekara arba'in da ɗaya yake jawowa: tukunyar giyar mota ta baya, wadda ke karɓar ƙarfin inji ta raba wa tayoyin baya biyu. Duk mai tsohuwar motar da aka tsige aka ɗora mata inji mai zafi ya san hanyar gidan nan. Mai son motarsa ta zabura daga tsaye, Orozco ya sauya masa haƙoran giya. Mai son doguwar hanya ba tare da inji ya yi ta kururuwa ba, ya sauya masa wasu. Ƙarshen watan nan zai rufe, don kunnuwansa sun fara barinsa.

Kowa ya ga yadda yake aiki. Yakan shafa rawayan fenti a haƙoran, ya juya su da hannu, ya duba inda suka taɓa juna. In tabon ya ɗan karkata, sai ya warware komai, ya ƙara siririn zoben ƙarfe da bai kai kaurin takarda ba, ya sake ɗaurewa. Sau bakwai, sau takwas, bai damu ba. Hollis mai fenti, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, yakan leƙo ya ce, "Tsoho, ni na fente mota guda, kai kana nan kana yi wa haƙori kwalliya?"

"Naka ido yake ruɗa," in ji Orozco. "Nawa gida yake kai mutum."

Ga inda abin yake da ciwo. Fenti yana ƙyalli, inji yana ruri, amma giyar da ta zauna daidai shiru take yi. Wa ya taɓa tafa wa shiru?

Bara Dwayne Pruitt, mai sayar da filaye, ya kawo jar motarsa ƙirar 1932, yana so ta riƙa tashi kamar an harba ta. Orozco ya sauya haƙoran, ya faɗa masa abin da yake faɗa wa kowa: sabuwar giya a yi tafiyar minti ashirin da ita, a bar ta ta huce, a lallaɓa ta mil ɗari biyar, a sauya mai, sannan a taka. Pruitt ya gyaɗa kai. Ran nan da yamma ya kai motar filin tsere ya take ta har ƙasa. Kafin mako giya ta soma kuka. Maimakon ya yi shiru, sai ya bi gari yana cewa tsohon ya kurumce, ba ya jin abin da yake haɗawa.

Da ƙarya ce tsantsa da sauƙi. Rabinta gaskiya ce, shi ya sa ta huda.

Hollis yana wurin ranar da aka dawo da motar. Orozco ya kwance murfin, man ya zubo baƙi ƙirin yana warin ƙuna, haƙoran sun yi shuɗi don zafi. Ya ɗaga ɗaya ya nuna wa Pruitt.

"Ɗan nan, kunnena ya tafi, gaskiya ne. Amma hancina yana nan. Minti nawa ka ba ta?"

Pruitt ya kalli takalminsa. Orozco ya sake haɗa giyar daga farko, ya kuma riƙe makullin, ya lallaɓa mil ɗari biyar ɗin da kansa, Hollis a gefensa yana yi masa kunne.

Watan jiya motar ta zo ta ɗaya a bajekolin motoci na gari. A irin wannan taro kowace mota da allonta a gefe, an jera sunayen waɗanda suka yi aikinta. Allon Pruitt ya ɗauki mai inji, mai kujeru, Hollis, har da wanda ya goge ƙarafan tayoyi. Orozco ya karanta sau biyu, a hankali, yadda yake karanta rawayan fenti, bai ga sunansa ba. Sannan aka miƙa wa Pruitt lasifika ya fara godiya. Tsohon ya ƙura wa bakinsa ido daga nesa, ya kasa kama abin da yake faɗa. Ya ja hannun rigar Hollis.

"Ya ambace ni?"

Hollis ya girgiza kai.

"To," in ji Orozco. "Da ta wuce gabanmu, ta yi kuka?"

"Ko kaɗan, tsoho."

"Shi ke nan. Mu je."

Ba shi ke nan ba, Baba Wendell. Kai ne ka kwanta a siminti shekara arba'in da ɗaya don wasu su tsaya a gaban kyamara. Kai ne aka zage ka da ciwonka, ka rama da gyara. Mai karanta haƙoran ƙarfe, garin nan ya hau aikinka ya wuce, bai waiwayo ba, kuma kunyar tamu ce duka, mu da muka tafa wa jan fenti.

Mun gode, ko da godiyar ta zo lokacin da sai dai ka karanta ta. Masu tasowa, ku koyi warware aiki sau takwas saboda kaurin takarda. Ku kuma masu zuwa kallo, in kun ga mota ta wuce shiru, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashinta, ku tambayi wa ya yi. Ku tambaya da ƙarfi, yadda zai ji.